Yarinyar da Na Ƙara wa Shekara Takwas

Ku da kuke zaune ƙarƙashin lema a bakin tasha, kuna buɗe wa mutane shafin intanet da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana ɓare gyaɗa, na ji an ce kuna faɗin aikinmu na dā ba aiki ba ne, zaman inuwa ne. Akwai gaskiya a ciki, sai dai inuwar ta kwano ce, kuma janareto na bayan kunnenka tun safe. Shekara tara na riƙe kafe na intanet a Jibiya, bayan na yi goma sha ɗaya ina koyar da Turanci a firamare. Sana'ar ba ta da wuya a yatsa, wannan kam kun faɗi daidai. Wuyarta a wani wuri take. Ɗalibi idan ka gaya masa ƙarya, zai manta kafin a tashi tara. Inji kuwa yarda yake yi, ya adana, ya kuma riƙa maimaita wa duk wanda ya tambaya.

A Katsina na koya, wurin wani mutumin Ilori da kowa ke kira Oga. Wata uku na farko da tsumma kawai nake taɓa kwamfuta. Da ya yarda na zauna, darasinsa na farko shi ne kada in bar rami a fom. Duk gurbin da aka bari, injin zai dawo da kai baya, lokaci ya tafi, man janareto ya tafi, mai aiki ya fara huci. Idan mutum bai san ranar haihuwarsa ba, ka ba shi ɗaya ga Janairu. Idan bai san lambar gidansu ba, ka ba shi lamba ɗaya. Na rubuta wannan a littafi da kyakkyawan rubutu irin na malamin makaranta, har na ja layi a ƙasa.

Kayan aikina ba su da yawa. Kwamfuta shida masu ƙaton ƙeya, tsofaffi da aka sauke daga Legas, firinta mai cin takarda idan ta ji zafi, ƙaramar kyamara, da shuɗin ƙyalle da nake ratayawa a bango don hoton fasfo. A kan rufi akwai farantin da ke jawo intanet, wanda almajiran kimiyya na unguwa suka yanke hukuncin cewa da shi nake sauraron hirar jandarmomin Nijar. Ban ƙaryata ba, ya hana a sace shi. Masu zuwa kuwa kala-kala ne: ɗalibai masu rajistar jarrabawa, dillalan hatsi masu son a aika takardar kaya, direbobin Maraɗi da ke jiran a sallami motocinsu a kan iyaka, waɗanda suke kirana Mushe don sun ji na taɓa koyarwa, haka suke kiran malamin boko a wajensu.

Wata Laraba 'yan kwamitin shari'a na unguwa suka zo su uku, da sallama da ladabi. Lokacin an daɗe da ƙaddamar da shari'a, an rufe gidajen kallo da yawa, an zo kan irinmu. Suka zagaya, suka duba, suka ba ni sharuɗɗa: a cire labulen da ke tsakanin kujeru, kowace kwamfuta ta fuskanci ƙofa, maza da mata kada su haɗu, yara mata su zo ranar Asabar da hantsi kawai. Na bi duka, kuma ban ga laifinsu ba. Amma dukanmu, ni da su, tunaninmu ɗaya ne: me yaro zai gani a cikin akwatin nan? Babu wanda ya tambaya wa zai ga yaron daga ciki. Mun ɗauka taga ce mai kallon waje kawai.

Aikin da nake son ba ku labari ya zo ne wata Asabar irin wannan. 'Yan mata biyar daga ajin farko na sakandare suka zo ɗaukar hoton fasfo na katin makaranta. Na zaunar da su ɗaya bayan ɗaya gaban shuɗin ƙyalle. Ta ƙarshe sunanta Rakiya, 'yar wani direban babbar mota da ake kira Isuhu, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Maraɗi amma ya daɗe da zama a Jibiya. Shekararta goma sha biyu. Sau uku ina ɗaukar hotonta don dariya take yi, a na huɗu ta danne, sai hoton ya fito da baki a rufe, idanu suna ci gaba da dariyar.

Da aka gama, babbarsu ta ce, "Malam, a buɗe muna shafin nan na zumunta mana, irin na 'yan Katsina."

Na ce, "Ku da ko waya ba ku da ita, wa za ku yi zumunci da shi?"

Rakiya ta ce, "Da junanmu mana, Malam. Ran Asabar."

"Kuna zaune benci ɗaya, sai kun biya ni kuɗi kafin ku gaisa?"

"To ai kai ka ci riba," in ji ta. Suka fashe da dariya.

Na buɗe musu. Shafin ba ya karɓar ƙananan yara, yana da ƙa'idarsa a rubuce, kuma ni malamin Turanci ne, ba zan ce ban gane ba. Amma hannuna ya riga ya saba. Ɗaya ga Janairu, sannan na gangara jerin shekaru har inda ya ba ta ashirin, don kada injin ya yi gardama. Na sa hoton fasfon da na ɗauka yanzun nan, don shi ne a kusa. Lambar sirri kuma, ta imel da ta shafi, na sa wadda nake sa wa kowa: sunan garinmu da lamba ɗaya a ƙarshe. Kada ku yi dariya. Mutum zai zaɓi tasa, ya manta kafin Juma'a, ya dawo ya ce kai ka cinye masa saƙo. Da lamba ɗaya ga kowa, rigima ta ƙare. Rabin garin nan da mabuɗi ɗaya suke kulle ƙofa, kuma ɗaya rabin sun san da haka. Aikin duka bai kai minti goma ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce muguwar shekarata. Wayoyi masu intanet suka fara shigowa ta kan iyaka cikin kwalaye, samari suka daina zuwa. Da bazara ta yi tsanani sanƙarau ya shiga unguwanni, iyaye suka hana yara shiga taro, kujeruna suka zama wurin kwanan kyanwa. A cikin waɗanda cutar ta ɗauka har da Rakiya. Ta rasu bayan azahar, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Na je gaisuwa, na zauna a tabarma, na yi addu'a. Shafin bai zo mini a rai ba ko sau ɗaya.

Makon farko na Janairu, da rana tsaka, Isuhu ya yi sallama a ƙofar kafe. Bai taɓa shigowa ba. Ya tsaya yana duban kwamfutocin kamar mai neman wadda zai gaisar.

"Mushe, ina wuni. Wata magana ta kawo ni."

Na ba shi kujera. Ya ce jiya suna layin kwastan da lodin gero, wani direba ɗan'uwansa, yaro matashi, yana ta murmushi shi kaɗai da waya a hannu. Aka tsokane shi, sai ya ce wata 'yar Jibiya ce suke hira, wata uku ke nan, har katin waya yana tura mata. Ya zagaya da wayar kowa ya gani. Da ta iso hannun Isuhu, ya ga farin hijabi da shuɗin ƙyallena.

Na ce, "Me ka ce masa?"

"Na ce na san gidansu."

Ku yaran yanzu sai na yi muku bayani. Rakiya 'yar fari ce. Mutum irin Isuhu ba ya kiran sunan 'yar fari, ba ya yabonta, ba ya cewa tawa ce a gaban mutane. Tun da aka haife ta, "yarinyar nan" yake cewa. Ranar jana'iza ma ƙanensa ne ya karɓi gaisuwa a gaba, shi yana gefe. Kunyar da aka raine shi da ita ba ta san da zuwan waya ba, don haka ya riƙe hoton 'yarsa da ta yi wata tara a ƙasa, ya miƙa wa na kusa da shi, aka ci gaba da yaba idanunta.

"Abin da nika so," ya ce, "a hidda yarinyar nan daga ciki. Uwatta ba ta sani ba. In ta ji, ban san mi za ya hwaru ba."

Na buɗe shafin. Tana nan. An rubuta a ƙarƙashin sunanta cewa ta leƙo jiya da yamma. Na gwada lambar sirrin kowa da kowa, aka ce an canza ta.

Na fara bin hanyar da ta dace, don malamin makaranta da fom yake fara yaƙi. Masu shafin suna da fom na iyayen da ke son a cire yaro, da wani na wanda ya rasu. Na farko yana son takardar haihuwa. An haifi Rakiya a ɗakin kakarta, a ƙauyen da ba a rubuta komai sai laya. Na biyu yana son takardar mutuwa. Isuhu ya dube ni ya ce, "Takarda? Wa za mu tsaya nema wa takarda, rana tana yi, gawa tana jira?" Na rubuta musu doguwar wasiƙa da Turancin da na fi ji da shi. Bayan kwana shida amsa ta zo, gajera, mai ladabi. Bisa bayanan da ke wurinsu, mai shafin ta haura shekara ashirin, don haka ba yarinya ba ce. Kuma tana amfani da shafinta a kai a kai, don haka ba su ga alamar ta rasu ba. Idan tana son rufewa, ta nema da kanta.

Na karanta wa Isuhu, na fassara. Ya ce, "Wa ya ce musu ashirin gare ta?"

Na ce, "Ni."

Ya gyara hularsa.

Muka je wurin shugaban kwamitin nan da ya sa na cire labule, dattijo mai karatu, mai gaskiya. Ya saurara har ƙarshe, ya yi salati, ya ce wannan cin naman mamaci ne da zamba a haɗe, haramcinsa ba ya buƙatar bincike. Sannan ya ce, "To wa zan aika a kira? Yana Jibiya? Yana Maraɗi? Namiji ne ko mace?" Muka ce ba mu sani ba. Ya buɗe hannuwansa. Ya ce alƙali ma sai an kawo masa mutum mai wuya da ƙafa. Abin da ya iya shi ne ya sa a yi gargaɗi a masallaci, Isuhu kuma ya roƙe shi kada ya yi, don kafin a sallame sallah maganar ta isa cikin gida.

Abin da ya cece mu shi ne lalacin ɓarawon, wanda ya yi daidai da nawa. Ya canza lambar shafi amma bai taɓa ta imel ba. Na tuna da haka ina cikin wanke firinta. Na aika aka kira Isuhu daga tasha, ya zo da hantsi da baƙin mai a hannunsa. Na shiga imel ɗin da mabuɗin gari, na ce wa injin na manta lambata, ya tambaya ko ni ce Rakiya, na ce ni ce. Ya yi mini maraba da dawowa.

Abin da ke ciki ba zan zayyana muku duka ba. Maza ne, daga Maraɗi, daga Damagaram, daga Kano, wasu sa'o'in Isuhu. Ana yi musu magana da Hausar da ba ta nan ba, ana karɓar katin waya. Akwai kuma saƙonni zuwa ga 'yan mata ƙanana na wasu garuruwa, ana cewa ƙawa, turo mini hotonki ba hijabi in ga kitsonki. Wasu sun turo. A saman shafin kuwa gaisuwa ce jere, ta kwanan nan, don injin ya sanar da kowa cewa ɗaya ga wata ranar haihuwarta ce. Allah ya ƙaro shekaru masu albarka. Allah ya kai mu ta baɗi.

Isuhu ba ya karanta boko. Ya sa yatsa a kan wani layi ya ce, "Wanga hwa, mi ya ce?"

Na duba. Daga babbar 'yan matan nan biyar ne, wadda ta fara roƙona in buɗe. Ta rubuta shi watanni da suka wuce, daga wayar wani. Na karanta masa kamar yadda yake: "Rakiya, in ke ce, don Allah ki bari. Mun yi miki addu'a. Ni na daina bi ta ƙofar gidanku."

Muna cikin haka kwamfutar ta yi ƙara, sabon saƙo ya faɗo. Direban nan ne matashi. Ya ga alamar ta hau shafin, ya rubuto: "Gimbiya, kin tashi lafiya? Yau kin yi sammako."

"Shi ne?" in ji Isuhu.

"Shi ne."

"Kashe, Mushe."

Kashewar ma aiki ce. Injin ya jero hotunan ƙawayenta huɗu, duk a gaban shuɗin ƙyallena, ya ce waɗannan za su yi kewarki. Ya tambayi dalilin tafiya, ya ba da zaɓi: na gaji, ina ɓata lokaci, na buɗe wani. Babu namu a ciki. Na zaɓi na ƙarshe, wanda ake rubutawa da hannu, na rubuta ta rasu. Ya gode, ya ce zai ajiye komai mako biyu ko za ta canza shawara ta dawo. Na fassara wa Isuhu wannan ma, don ban saba rage wa mai aiki bayani ba. Ya ce, "To." Kullum cikin mako biyun nan sai ya biyo da rana ya tsaya a ƙofa, in ce masa ba ta dawo ba, ya wuce. Rana ta sha biyar na nemi sunan, babu.

Wanda ya yi wannan aiki ban san shi ba har yau. Duk wanda ya taɓa zama a kujerata ya san mabuɗin, kuma mutanen da suka zauna a kujerata sun watsu ƙasa biyu. Sauran ranin nan na ƙare shi ina bin littafin rajista, ina neman kowane yaro da na ƙara wa shekaru, ina aika wa iyaye, ina rufe wanda ya rufu. Wasu an riga ni shiga.

Kwanan nan na ji a rediyo ana muhawara kan dokar da za ta kare sirrin yara a intanet, har wani mai sharhi yana cewa kamfanoni su tabbatar da shekarun yaro, iyaye su sami ikon goge bayanan 'ya'yansu. Ina goyon baya, Allah ya sa a yi. Da akwai ta a lokacin, da wasiƙata ta sami wurin dafawa, da dattijon kwamiti ya sami wanda zai aika wa sammaci. Amma masu rubuta ta su tuna cewa a garuruwa irin namu ba yaro ke cike fom ba, ba kuma ubansa ba. Wani ne a bakin tasha, mai sauri, da layi a gabansa. Ku ne. Su kuma tuna da uban da ba shi da takardar haihuwa ko ta mutuwa, wanda shaidarsa ita ce ya san inda kabarin yake. Dokar da ba ta da gurbin wannan mutum, mu nan sai dai mu ji ta a rediyo.

Na ɗauka aiki ya ƙare da rufe shafi. Bayan wata ɗaya Isuhu ya shigo ya ajiye waya a kan teburina. Ta direban nan ce. Hoton yana cikinta, don ya sauke shi tun tuni, yana ta nuna wa mutane yarinyar da ta ɓace masa. Isuhu bai gaya masa komai ba. Ya yi ta yaba wayar har sai da yaron ya sayar masa.

"Hidda ta," ya ce.

Na goge. Ya tambaya, "Saura waya nawa?"

Na ce ban sani ba. Duk wanda ya yi hira da ita zai iya saukewa, kuma kowa zai iya tura wa wani.

"To. In na gani, ni kawo."

Ya kawo ta biyu daga kasuwar dabbobi, ta wani dillalin awaki. Ta uku daga Maraɗi, wurin mai gyaran taya. Ban san dabarar da yake yi ba, mutumin da bai iya kunna waya ba ya zama mai leƙen wayar kowa a layin kwastan, har ana yi masa ba'a wai tsufa ya zo masa da son zamani. Idan na goge, sai ya sayar da wayar da hasara ya koma aiki.

Ta huɗu ya kawo ana saura kwanaki in rufe kafen gaba ɗaya, na riga na sayar da kwamfuta huɗu. A wannan, hoton ya sha hannu. An cire shuɗin ƙyallen an sa furanni, an haska fatar, an zana gira, an shafa jan baki a bakin nan da ta rufe don kada ta yi dariya. A ƙasa an rubuta wani suna daban, da wani gari daban. Na juya masa wayar. Ya daɗe yana kallo, ya matso kusa, ya ja da baya.

"Wagga ba tawa ba ce," ya ce. "Tawa ba ta kai shekarun jan baki ba."

Na miƙa masa wayar. Bai karɓa ba.

"Goge ta duk da haka, Mushe."